GIDA NE MAKARANTAR FARKO: DARASI A KAN ZAMA DA ƘANANAN YARA

Gabatarwa

Idan aka ce ilimi, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne aji da allo da alli da malami. Amma kafin yaro ya sa kayan makaranta ya shiga aji ɗaya na firamare, ya riga ya yi shekara 5 ko 6 yana karatu a wata makaranta wadda ba ta da ƙararrawa, wato gida. Malamansa a can su ne uwa da uba da kakanni, sai kuma mu yayyensa. Yawancinmu a wannan makaranta muna da ƙanne a gida, waɗansu ma 'ya'yan yayyensu suke goyo lokacin hutu. Nan da 'yan shekaru kuma, in Allah ya yarda, mu ma za mu zama iyaye. Saboda haka wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Abin da muke so mu nuna shi ne, hira da wasa da 'yan aikace-aikacen yau da kullum da muke yi tare da ƙaramin yaro su ne harsashin karatunsa da halinsa, kuma ba sa bukatar kuɗi, sai dai kula.

1. Muhimmancin shekarun farko

Lokacin da aka haifi jariri, ƙwaƙwalwarsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girman ta babban mutum. Kafin ya cika shekara 5 zuwa 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Babu wani lokaci a rayuwar ɗan Adam da take girma da sauri irin wannan. Girman kuwa ya dogara ga abinci da lafiya, da kuma abin da yaron yake gani, yake ji, yake taɓawa. Jariri yakan fara jin sauti tun yana ciki, a watanni uku na ƙarshe. Yawancin yara sukan furta kalmarsu ta farko wajen shekara 1, su fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2, kamar su ce "Mama ruwa". Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana lafiyar yara ma a nan bincikensu ya kai su.

2. Abin da aka gano a Jamaika

Domin mu ga ƙarfin wannan magana, bari mu duba wani bincike da aka fara a 1986 a birnin Kinston na ƙasar Jamaika, ƙarƙashin jagorancin likitar yara Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 daga unguwannin talakawa, dukansu sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Aka raba su rukuni huɗu. Na farko aka riƙa ba su ƙarin madara, na biyu aka riƙa kai musu ziyarar wasa, na uku aka haɗa musu duka biyun, na huɗu kuwa kulawar asibiti kawai suka samu.

Ziyarar ba wani abu mai wuya ba ne. Ma'aikaciyar lafiya takan zo gidan sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya tana nuna wa uwa yadda za ta yi hira da ɗanta, ta gaya masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi ƙoƙari. Kayan wasan ma da tarkacen gida aka yi su, irin su robobi da gwangwanaye. Haka aka yi har shekara 2, sannan aka daina.

Bayan shekara 20 masu bincike suka sake neman waɗannan yara, lokacin sun zama samari da 'yan mata masu neman na kansu. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi musu ba da wajen kashi 25 cikin 100. Kada mu ɗauka wannan yana nufin abinci ba shi da muhimmanci. Abin da yake koya mana shi ne, ciyar da ciki kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da ciyar da hankali. Abin da ma'aikaciyar nan ta koyar kuwa, babu ɗalibin sakandare da zai kasa yin sa a tsakar gidansu.

3. Hira da tatsuniya

Yaro yana koyon magana ne daga wanda yake yi masa magana. Sau da yawa mukan goya ƙanenmu tun safe har azahar ba mu ce masa uffan ba, don muna ganin ba ya fahimta. Ya kamata mu riƙa faɗa masa abin da muke yi: "Yanzu za mu wanke hannu. Ga sabulu, ga ruwa. Ruwan da sanyi, ko?" In ya yi gwaranci mu amsa masa, mu ɗan dakata ya sake yi. Ta haka yake gane cewa magana karɓa-karɓa ce. In ya ce "tota" yana nuna mota, kada mu yi masa dariya, sai mu ce, "I, mota ce, jar mota."

Da ya kai shekara 3 sai tambayoyi su ɓarke. Me ya sa wata yake bin mu? Ina rana take kwana? A nan ne da yawa daga cikinmu kan gaji mu ce, "Kai, ka cika surutu!" Yaron da aka yi ta kwaɓa haka yakan daina tambaya, kuma shi ne gobe zai zauna a aji bai gane ba, ya kasa ɗaga hannu.

Kakanninmu suna da tasu hanyar, wato tatsuniya da kacici-kacici bayan cin tuwon dare. Labaran Gizo da Ƙoƙi suna koya wa yaro sauraro da riƙe labari daga farko zuwa ƙarshe, su kuma nuna masa ƙarshen mai haɗama da mai wayon banza. An daɗe da gane darajarsu. Frank Edgar ya tattara su da yawa ya buga tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Wanda ya manta tatsuniyoyin kakarsa sai ya nemi irin waɗannan a laburare. In mun gama labari, mu ce yaron ya maimaita mana da bakinsa. Haka kuma labaran da yake ji a makarantar Lahadi ko a makarantar allo, mu tambaye shi ya ba mu su da harshen gida.

4. Aikin gida darasi ne

Ƙaramin yaro yana son a sa shi aiki, domin a wurinsa aiki da wasa duk ɗaya ne. In muna tsince wake, mu ba shi nasa ɗan faifan. Yana ware tsakuwa daga wake, yana koyon bambanta abubuwa, yatsunsa kuma suna samun ƙwarin da za su riƙe fensir. In za a ci abinci, mu ce ya kawo cokula daidai da yawan mutanen gida. Wannan lissafi ne. In an kwaso shanya, ya ware rigunan Baba daga na Mama, manya daga ƙanana. In za mu ba kaji dawa ko mu yi wa zogale ban-ruwa, ya riƙe ɗan gwangwaninsa ya biyo mu.

Gaskiya ne aikin zai ɗauki lokaci fiye da in mu kaɗai muka yi, wani lokaci ma ya zubar da ruwa ko ya watsar da waken. Haƙurin da muka yi shi ne kuɗin makarantar. Sai dai mu kiyaye abu biyu. Na ɗaya, aikin ya zama daidai ƙarfinsa, kada a ɗora wa 'yar shekara 5 goyon jariri ko tallar da za ta raba ta da wasa. Na biyu, kada mu ce shara da wanke-wanke na 'yan mata ne kaɗai. Yaron da bai koyi wanke kwanonsa ba, a makarantar kwana zai gane kurensa.

5. Wasa

Wasa shi ne babban aikin yaro. Tuwon ƙasa da 'yar tsana da motar kara da wasan ɓuya da carafke da langa da gaɗa, kowanne da abin da yake koyarwa. Carafke yana haɗa ido da hannu da ƙirga. Langa tana ƙarfafa ƙafa. Tuwon ƙasa yana sa yara su raba aiki, wannan ta zama uwa, wancan ya zama mai cefane, su yi gardama su shirya. Mai ƙera motar kara kuwa yana auna tsawo da faɗi tun bai san sunan ruler ba balle santimita.

A yau wayar hannu ta shiga gidaje da yawa, har ta zama abin rarrashin yaro in yana kuka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma su yi barcin awa 10 zuwa 13. Dalili a fili yake. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta jiran amsarsa.

6. Lafiya da tsaro

Yaron da ba shi da lafiya ba ya wasa. Ga abubuwan da ya kamata kowane ɗayanmu ya sani:

(a) Jariri nonon uwa kaɗai yake bukata har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a fara kunu da fate mai laushi, ana ƙara garin gyaɗa ko wake ko ƙwai ko ganye, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1.

(b) Allurar riga-kafi tana farawa da haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata na 9. Mu duba katin ƙanenmu, mu tuna wa Mama ranar komawa. Da irin wannan ƙoƙari ne aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka.

(c) In yaro yana gudawa, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a asibiti ko kemis. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a daina nono, a kuma kai shi asibiti.

(d) Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. In yaro ya sha, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, asibiti za a nufa nan da nan. A rufe rijiya da randa, a nisanta shi da murhu. In ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwan sanyi har minti 20, ba a shafa ƙwai ko man goge baki. Da dare kuma ya kwana cikin gidan sauro.

7. Tarbiyya

Yaro ya fi koyi da abin da ya gani a kan abin da aka gaya masa. In muna gaida Baba da Mama a durƙushe da safe, shi ma zai durƙusa. In muna addu'a kafin cin abinci, zai rufe ido tare da mu. In kuwa muna zagi, zagin zai fara iyawa. Kada mu riƙa tsorata shi da dodo ko allura, domin ran da aka kai shi asibiti shi zai sha wahala. Kada mu yi masa alkawarin alewa don ya yi shiru alhali ba mu da niyyar saya, wannan darasin ƙarya ne. In ya yi laifi mu tsuguna daidai tsayinsa, mu gaya masa abin da ya yi da abin da ya kamata ya yi. In ya yi abin kirki mu yaba masa a take, mu faɗi abin da ya yi ɗin.

Kammalawa

Mun ga cewa shekarun farko ba sa dawowa, kuma abin da yaro ya fi bukata a cikinsu yana nan a tsakar gida. Iyayenmu suna fama da gona da kasuwa da ofis, mu kuwa muna da makonnin hutu a hannunmu. Awa ɗaya a mako ce ta canza rayuwar yaran Kinston. Bari kowannenmu ya ware ko da rabin awa kullum domin ƙanensa a wannan hutu. Allah ya raya mana su, ya ba mu haƙurin zama da su. Amin.

Tambayoyi don nazari

1. Me binciken Jamaika ya nuna game da wasa da hira?
2. Kawo ayyukan gida 3 da yaro ɗan shekara 4 zai iya yi, da abin da kowanne yake koya masa.
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
4. Aikin hutu: nemi tatsuniya ɗaya daga bakin wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku, ka rubuta ta, ka ba ƙanenka labarin, sannan ka rubuta yadda ya maimaita maka ita.