Jigoro Kano da malamansa uku

A shekara ta 1860 aka haifi wani yaro a ƙasar Japon, sunansa Jigoro Kano. Yaron ɗan ƙarami ne, ba shi da ƙarfi. A makaranta manyan yara suna cin zalinsa. Sai ya ƙudura niyyar koyon jujutsu, wata tsohuwar kokowa ta ƙasarsu.

A 1877 ya samu malami a birnin Tokyo, wani maɗori mai suna Fukuda. Fukuda ba ya yawan bayani. Sai ya kama Kano ya kayar. In ya tashi, ya sake kayar da shi, har jikinsa ya gane dabarar. Bayan shekara biyu Fukuda ya rasu. Iyalinsa suka danƙa wa Kano takardun da ke ɗauke da ilimin gidan.

Kano bai ce ya gama ba. Ya koma wurin malami na biyu, Iso. Da Iso ya rasu a 1881, ya tafi wurin na uku, Iikubo, gwanin kayarwa. A nan ne Kano ya gano babbar dabara. In mutum ya kafa ƙafafunsa sosai, kayar da shi sai mai ƙarfi. Amma in ka ja shi ko ka tura shi har ya karkace, ko ƙarami yana iya kayar da shi.

A 1882 Kano ya buɗe makarantarsa, Kodokan. Ɗaki ɗaya ne mai tabarma 12, almajirai 9. Ya haɗa abin da ya koya wurin malamansa, ya ware dabaru masu haɗari daga cikin wasa. Ya sa wa sabon wasan suna judo, wato hanyar sauƙi.

Kano ya rasu a 1938, amma almajiransa sun kai judo ƙasashe da yawa. A 1964 judo ya shiga wasannin Olimpik.

Har yanzu ɗakin judo yana da al'adunsa. Ba a hawa tabarma da takalmi. Sabon shiga yana ɗaura farar ɗamara, wanda ya ƙware yana ɗaura baƙa. Kafin a fara, almajirai suna rusunawa su gaida malami. Wanda aka kayar da wanda ya kayar, su ma suna gaida juna. A ɗakuna da yawa akwai hoton Kano a bango, don kowa ya tuna inda ilimin ya fito.

Mu gane kalmomi
Maɗori: mai gyaran ƙashin da ya karye.
Ɗamara: abin da ake ɗaurawa a ƙugu.

Tambayoyi
1. Me ya sa Kano ya koyi jujutsu?
2. Faɗi sunayen malamansa uku.
3. Ta yaya ƙarami zai iya kayar da babba?
4. Kai fa, wa ya koya maka wani aiki? Wa ya koya masa shi?