Ma'aikacin Da Ya Naƙasa A Bakin Aiki: Neman Hakki Ba Bara Ba Ne

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako shi ne wani tsohon ɗalibina da inji ya datse wa yatsu uku a wata masana'anta. Aka sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi kuwa ya yi shiru har shekara ta kewayo, wai don kada a ce bai yarda da ƙaddara ba. To, wannan fahimta kuskure ce. Yarda da ƙaddara aikin zuciya ne, ba ta hana mutum ya nemi magani, ba ta kuma hana shi ya nemi hakkinsa.

Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san shari'a ta yi wa gaɓoɓin ɗan Adam ƙima. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, hannu ɗaya rabin haka, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori kuwa 5. Gaskiya ne wancan hukunci ne a kan wanda ya yi ɓarna, abin da za mu yi magana a kansa kuwa asusu ne na taimakekeniya, ba ɗaya suke ba. Amma dai ya ishe mu dalili cewa karɓar fansar gaɓa ba abin kunya ba ne. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin da zai ishe shi daga Baitulmali.

A Nijeriya, dokar da ta shafi wannan al'amari ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Ma'aikata ko kamfani shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, kuma doka ta hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ta haɗa da ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji. Ba raunin da aka samu a cikin masana'anta kaɗai ta ƙunsa ba, har da cutar da aikin ya haddasa, da hatsarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki.

Inda akasarin mutanenmu ke faɗuwa shi ne wajen lokaci. Wajibi ne ma'aikaci, ko iyalinsa, ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, ya faɗi sunansa, da lokacin da abin ya faru, da wurin, da irin raunin da sanadinsa. Shawarata a yi shi a rubuce, a riƙe kwafe. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, amma abin mamaki mu ne muka fi kowa dogara da "ai na gaya wa maigida da baki". Su kuma masu wurin aiki doka ta ba su kwana 7 su kai rahoto ga hukumar. Sa'an nan a cika takardar neman diyya, a sa hannu, a miƙa ta kafin shekara 1 ta cika. Idan akwai uzuri mai ƙarfi, hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3, sai dai mai hankali ba ya jingina da wannan.

Hujja kuwa tana kan mai da'awa, kamar yadda malaman fiƙihu suka tabbatar. Saboda haka a adana takardun asibiti, da rahoton likita, da takardar albashi, da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. A nan ne kuma tsoron Allah ke shigowa. Wanda ya ƙara wa ciwonsa gishiri, ko ya sayi takardar likita ta ƙarya, ya ci haram, domin asusun nan rabon wasu naƙasassu ne da marayu. Haka kuma maigidan da ya ɓoye hatsari don gudun ɗawainiya, zalunci ya yi.

Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, doka ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda naƙasarsa ba ta kai haka ba, ana auna abin da ya ragu na samunsa. Akwai kuma kula da magani da gaɓoɓin roba. Kada wani ya ruɗe ka da takardar yafewa, domin yarjejeniyar da ma'aikaci zai sa wa hannu a kan ya bar diyyarsa ba ta da ƙarfi a gaban wannan doka.

Idan aka ƙi biyanka, ko ka ga an tauye ka, kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara ga ita hukumar. In har ba ka gamsu da hukuncinta ba, sai ka nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da takardunka a hannu.