Yadda Ake Rage Gubar NOx a Tashoshin Lantarki Masu Ƙona Kwal

Mai yiwuwa wayar da ke hannunka a China aka haɗa ta, ƙasar da fiye da rabin lantarkinta daga kwal yake fitowa. A darasinmu na yau za mu ga yadda ake gyara tsofaffin tashoshin kwal don rage gubar NOx da ke cikin hayaƙinsu.

Daga ina NOx take zuwa?

Ana niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin babbar tukunya ya ci wuta. Zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya injin lantarki. A cikin wutar nan naitirojin da ke jikin kwal da na iska yake haɗuwa da oksijin, sai NOx ta samu. Idan zafi da oksijin suka yi yawa, ita ma sai ta ƙaru. Tana tayar da asma, tana lalata huhu, tana jawo ruwan sama mai asid.

Gyare-gyare uku

Kamar dai canza wa waya batir maimakon sayen sabuwa, ba a rushe tukunyar, sassa ake sauya mata.

1. Sabon bakin wuta: yana shigar da iska kaɗan-kaɗan, don kwal ya fara ci inda oksijin bai wadata ba.

2. Iskar sama: ana buɗe ƙofofi a saman tukunyar, a tura ragowar iskar ta nan don ƙarasa ƙonawar a inda zafi ya ragu.

3. Na'urar SCR: ana fesa amoniya cikin hayaƙi, ya ratsa wasu faranti masu sinadarin banadiyam a zafin digiri 300 zuwa 400. Nan NOx take komawa naitirojin da ruwa. Wannan kan cire har kashi 90 cikin 100.

Sai dai aikin yana son lissafi. In aka rage iska fiye da kima, kwal ba zai ƙone duka ba, bututun tukunyar kuma su fara cinyewa. Shi ya sa na'urorin awo ke tura bayanai ga kwamfuta, ita kuma tana daidaita iska da amoniya dare da rana.

A 2014 China ta ƙayyade wa tashoshin kwal miligiram 50 na NOx a kowace mita kubik ta hayaƙi. Zuwa 2017, NOx daga tashoshin lantarkinta ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Amma ka sani, gyaran nan ba ya taɓa iskar CO2 mai ɗumama duniya.