Giram 40 na Quaker, kofi nawa ke nan?

Wata uwargida daga Agadas ta aiko da tambaya. Likita ya ce maigidanta, mai ciwon sukari, ya riƙa karyawa da giram 40 na hatsin ot, wanda muka fi sani da Quaker. Ba ta da sikeli a gida. Sai ta riƙa cika masa kofi guda, tana ganin ai bai kai nauyin gero ba.

Hajiya, kofi guda ya yi yawa. Ninki biyu kike ba shi.

Mu mutanen tiya ne. Idonmu ya saba da gero da shinkafa, mun san abin da awo ɗaya zai ciyar. Amma kofi ba ya auna nauyi, wuri yake aunawa. Kofi mai ɗaukar mililita 240 yana cin gero wajen giram 200, shinkafa kuma wajen 185. Shi kuwa ot an turara shi ne, aka danne shi ya zama fale-fale, iska ta cika tsakaninsa, don haka kofin nan giram 80 kawai yake ɗauka. Giram 40 rabin kofi ne, ko cokali takwas na cin abinci a shafe, domin kowane cokali wajen giram 5 ne.

Ga lissafi mai sauƙin riƙewa: ki ninka giram ɗin ot sau uku, ki sami mililita. Giram 40, mililita 120. Giram 100, mililita 300.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kofin kansa. Na gidanki daban, na maƙwabciyarki daban, ƙananan kofunan shayinmu kuwa ba a ma maganarsu. Ki auna naki sau ɗaya tak. Ki cika gorar ruwa ta rabin lita, ki riƙa juyewa a kofin. In ta cika shi sau biyu, to mililita 250 yake ɗauka, rabinsa ne rabon maigida. In sau huɗu ne, kofin a shafe shi ne awonki. Ki ware shi, ki ajiye cikin gwangwanin ot ɗin, kada yara su ɗauke. Wajen ɗiba kuma kada ki danna, kada ki yi masa tozo. Ki zuba da cokali, ki shafe bakin da bayan wuƙa.

Ki auna shi ɗanye, kafin ya sha ruwa. In kina niƙa shi gari don kunu, ki auna kafin niƙa, domin gari ya fi shi zama a kofi. Ruwan dafawa ninki biyu ne: awo ɗaya na ot, biyu na ruwa ko nono.

Na damu da wannan ne saboda a giram 40 akwai sitaci da danginsa wajen giram 27. Cikakken kofi ya haura 50, tun ba a saka dabino ko zuma ba, ga mai sukari kuwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Gwangwanin ma zai gaya miki gaskiya. Na giram 500 ya kamata ya yi wa mutum ɗaya kwana 12. In ya ƙare cikin mako guda, ki rage hannu, ki kuma gaya wa likitansa yadda aka yi ta aunawa a baya.