BASHIN HARAJI DA TSARIN KUƊIN ATTAJIRI MAI ZAMAN KANSA

Bayani domin Hakimai da Malamansu

A cikin ko wace gunduma akwai mutanen da ba su cin albashin kowa, amma samunsu ya fi na manyan ma'aikata nesa. Daga cikinsu akwai fatake, da 'yan kwangila, da masu motocin sufuri, da dillalan shanu, da likita ko lauya mai zaman kansa. Sau da yawa irin waɗannan su ne bashin haraji ya kan danne, har a kai ga rufe musu kanti. In abin ya ɓaci kuwa, ƙofar Hakimi su kan fara zuwa neman shawara. Saboda haka ya wajaba Hakimi da malaminsa su san yadda dokar ta ke, don kada su ba da shawarar da za ta ƙara jefa mutum cikin wahala.

1. Yadda aikin ya ke a dā, da yadda ya koma

Tun daga dokar haraji ta 1906, ta zamanin Gwamna Lugga, tara haraji ya zama babban aikin Hakimi. Mai unguwa ya tattara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa Hakimi, malami ya rubuta, sa'an nan a kai Baitulmali wurin Ma'aji. Dokar 1940 ta ƙara daidaita wannan tsari. Ko a wancan zamani, manyan 'yan kasuwa a kan kimanta samunsu dabam, ko wanne da nasa, ba a gama su da sauran talakawa.

Daga baya abubuwa suka sāke. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, a 1979 kuma gwamnatocin Jihohin Kano da Kaduna suka soke harajin nan na talakawa. Harajin da a ke magana a kansa a nan shi ne harajin samu, watau wanda mutum ya ke biya gwargwadon abin da ya samu cikin shekara. Hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar da mutum ya ke zaune ita ke karɓarsa. Hakimi ba ya yanka shi, ba ya karɓarsa, ba ya kuma yafe shi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne gargaɗi da shiryarwa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

2. Abin da doka ta ɗora wa mai zaman kansa

Ma'aikaci mai albashi ana cire harajinsa ko wane wata tun kuɗin ba su shiga hannunsa ba. Mai zaman kansa kuwa shi da kansa zai yi rajista ya karɓi lambar haraji, ya cika takardar bayanin samunsa na shekarar da ta wuce, ya miƙa ta kafin ƙarshen watan Maris, ko da ba a aiko masa da takardar nema ba.

A ran 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, aka sa 1 ga Janairu, 2026, ta zama ranar fara aiki da sabon ma'auni. Ga yadda ya ke a shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 na gaba: 15 bisa ɗari.
Naira 9,000,000 na gaba: 18 bisa ɗari.
Naira 13,000,000 na gaba: 21 bisa ɗari.
Naira 25,000,000 na gaba: 23 bisa ɗari.
Abin da ya haura Naira 50,000,000: 25 bisa ɗari.

Malami ya lura da abu biyu. Na fari, riba a ke yi wa haraji, ba dukan cinikin da ya ratsa hannun mutum ba. Sai an fid da kuɗin sayen kaya, da ladan ma'aikata, da kuɗin mota, da hayar kanti, da sauran abin da aka kashe musamman domin sana'ar. Cefanen gida da ɗinkin Salla ba sa shiga wannan lissafi. Na biyu, doka ta yarda a rage wasu abubuwa kafin a auna, kamar kuɗin fansho, da inshorar lafiya, da kashi 20 bisa ɗari na kuɗin hayar gidan zama, amma rangwamen hayar ba ya wuce Naira 500,000.

Ga misali. A ce ga wani falke mai sayen hatsi da kaka a ƙauyuka, yana kai wa kasuwar Dawanau. Bayan an fid da dukan abin da ya halatta a fitar, ribarsa ta shekara ta tsaya Naira 30,000,000. Mataki na fari ba kome. Na biyu Naira 330,000. Na uku Naira 1,620,000. Na huɗu Naira 2,730,000. Saura Naira 5,000,000, waɗanda za a auna da 23 bisa ɗari, watau Naira 1,150,000. Jimla Naira 5,830,000. Wannan ya kusa ɗaya bisa biyar na ribarsa. Ashe cikin ko wace Naira biyar da ya ci riba, ɗaya ba tasa ba ce, ajiya ce a hannunsa.

3. Dalilin da ke sa mai samu da yawa ya ci bashin haraji

Ba kasafai rashin kuɗi ke kawo wannan ba. Abin da ya fi kawo shi rashin tsari ne. Samun ɗan kasuwa ba ya zuwa daidai wa daida: wata guda ya yi ciniki kamar ruwan sama, wata uku shiru. Ran da kuɗi suka shigo, uwar kuɗi da riba da kuɗin cefane duk aljihu ɗaya su ke shiga. Daga nan sai a tā da gini, a sayi mota, a yi biki, a ba abokan ciniki kaya bashi. Ran da takardar haraji ta iso, dukiyar tana nan, amma ta zama buhuna a sito da basussuka a hannun mutane.

Sa'an nan sai kunya ta shigo. Mutum mai suna a gari ba ya son a ji ana binsa, sai ya jefa takardar cikin akwati ya yi kamar bai gani ba. To, a nan ne ƙaramin bashi ya ke zama babba.

4. Yadda bashin ya ke girma

Bisa ga dokar 2025, wanda bai miƙa takardar bayanin samunsa a kan lokaci ba, tararsa Naira 100,000 ce a watan fari, da Naira 50,000 a ko wane watan da ya biyo baya. In ya shekara bai miƙa ba, tara kaɗai ta kai Naira 650,000, tun ba a taɓa maganar harajin kansa ba. Wanda kuma bai biya a kan lokaci ba, a kan ƙara masa 10 bisa ɗari na abin da a ke binsa, ban da kuɗin ruwa. Ga falken nan na misali, goma bisa ɗarin ita ce Naira 583,000.

Har wa yau, in mutum bai faɗi samunsa ba, hukuma tana da ikon ta kimanta masa da kanta bisa ga abin da ta hanga, kimantawar nan kuwa ta kan fi gaskiyar samunsa yawa. Yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta same shi ya rubuta ƙin yarda, ya kawo dalilansa. In ya bari kwanakin suka wuce, adadin ya tabbata a kansa. Bayan wannan doka ta ba hukuma ikon kama dukiyar wanda ya ƙi biya, in an bi matakan da aka tsara.

Akwai kuma wata hasara da ba ta fitowa a takarda. Takardar shaidar biyan haraji tana nuna shekara uku na baya, ana kuwa neman ta wajen kwangilar Gwamnati da wasu ma'amaloli masu yawa. Ɗan kwangilar da ba shi da ita ya rufe wa kansa ƙofar abincinsa.

5. Shawarar da za a ba wanda bashi ya riga ya hau kansa

(a) Ya tattara takardunsa duka: bayanin banki, da rasit, da littafin ciniki, shekara bi da shekara. Bashin shekarun da suka gabaci 2026 da tsohon ma'auni a ke lissafa shi, wanda matakinsa na ƙoli 24 bisa ɗari ne, don haka kada a cakuɗa shekarun.

(b) Ya nemo shaidar harajin da aka riga aka cire masa. Ɗan kwangila a kan yanke wani kashi daga kuɗinsa lokacin biya, a kai wa hukuma da sunansa. Wannan biya ne na kafin alƙalami, za a rage shi daga abin da a ke binsa, amma sai ya nuna takardar.

(c) Ya miƙa takardun bayani na shekarun da ya tsallake, ko da ba shi da kuɗin biya a hannu. Tarar rashin miƙawa dabam ta ke da ta rashin biya, miƙawar kuwa ita ke tsai da ta farko.

(d) Ya tafi ofishin haraji da ƙafarsa tun ba a zo masa ba, ya rubuta roƙon a bar shi ya biya kashi-kashi. Kada ya yi alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba, gama alkawari kaɗan da cikawa ya fi mai yawa da saɓawa.

(e) In yana ganin an yanka masa fiye da kima, ya rubuta ƙin yarda cikin kwana 30 ɗin nan. In ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Dokar 2025 ta kuma tanadi ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji.

(f) In lissafin ya yi nauyi, ya ɗauki akanta mai takardar shaida.

Wasu su kan ce gara su jira Gwamnati ta yi afuwa. Gaskiya ne an taɓa yi: daga Yuli 2017 zuwa ƙarshen Yuni 2018 Gwamnatin Tarayya ta buɗe ƙofa ga wanda ya bayyana bashinsa da kansa, a yafe masa tara da kuɗin ruwa. Amma wannan ƙofa ta rufe, ko a lokacin ma asalin harajin ba a yafe shi ba. Mai jiran afuwa bashinsa ƙaruwa ya ke yi ko wane wata.

6. Tsarin kuɗi don kada a koma gidan jiya

Rigakafi ya fi magani. Abu na fari shi ne a raba asusu uku a banki: na sana'a, na gida, da na haraji. Na biyu, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi kamar yadda ya ke yanka wa yaransa, ya tsaya a kansa ko kasuwa ta yi kyau. Na uku, a rufe lissafi ƙarshen ko wane wata, a fid da rabon haraji tun ba a taɓa kome ba.

A koma ga falken nan. Ribarsa in an raba ta wata 12 ta zama Naira 2,500,000 a wata. A ce kuma ana binsa tsohon bashi, da tara da kome, Naira 4,800,000, an yarda ya biya cikin shekara guda. Ga yadda zai kasa:

Harajin bana: Naira 500,000.
Tsohon bashi: Naira 400,000.
Hidimar gida da ta dangi: Naira 800,000.
Ajiya domin watannin da ba ciniki: Naira 300,000.
Ƙari a kan jari: Naira 500,000.

Da wannan, ƙarshen shekara asusun haraji zai tara Naira 6,000,000, ya biya 5,830,000 har da saura, tsohon bashi kuma ya ƙare. Da ya ke cinikin hatsi na lokaci ne, watan da riba ta ninka sai rabon haraji ya ninka, watau ɗaya bisa biyar na ko nawa aka samu. Wanda ribarsa ta wuce Naira 50,000,000 nesa, ya fi masa kyau ya riƙa ware ɗaya bisa huɗu. Wanda ya ke fid da zakka ya ba ta nata gurbi a lissafi, gama ita dabam, haraji dabam. Kuma muddin tsohon bashi bai ƙare ba, sabon gini da sabuwar mota su dakata. Rasit da littattafan ciniki a adana su aƙalla shekara shida.

7. Iyakar aikin Hakimi da malaminsa

Hakimi ya kira mutum a keɓe, ya yi masa nasiha, ya nuna masa hanyar ofis. Kada a tā da zancen bashin wani a gaban fadawa, domin attajirin da aka kunyata a bainar jama'a ba ya sāke kawo matsalarsa.

Malami kada ya karɓi kuɗin harajin samu a hannunsa da sunan zai kai. Mai biya ya zuba a asusun Gwamnati ta banki, ya karɓi rasit da sunansa da lambarsa. In an roƙi malami ya taimaka wajen rubuta takarda, ya rubuta abin da littafin ciniki ya nuna, ba ragi ba ƙari, ya karanta wa mai ita kafin ya sa hannu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman yanzu da yawancin ciniki ta banki ya ke bi. In kuwa wani ya zo yana cewa zai shafe bashi in an ba shi na goro, Hakimi ya gargaɗi mutanensa, gama wanda ya ba shi zai yi biyu babu: kuɗinsa sun tafi, bashin yana nan.

Tambayoyi domin bita

1. Wace hukuma ke karɓar harajin samu na mai zaman kansa?
2. Nawa ne harajin wanda ribarsa ta tsaya Naira 12,000,000 a shekara?
3. Kwana nawa mutum ke da shi na rubuta ƙin yarda, kuma me zai faru in ya bari suka wuce?
4. Don me ya kamata mai bashi ya miƙa takardar bayaninsa ko da ba shi da kuɗin biya?