Mu San Ƙwaron Wake, Mu Tsare Amfaninmu

Ƴan'uwa manoma na ƙasar Dakoro, kaka ta yi, wake ya shigo gida. Daga Kornaka har Birnin Lalle kukan ɗaya ne: a ajiye wake lafiyayye, bayan ƴan watanni a tarar da shi duk huji. Yau za mu san mai wannan ɓarna.

Danginsa

Kamar yadda mutane suke da ƙabila da zuri'a, haka masana suka kasa ƙwari. A shekarar 1758 wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Linne ya ba kowace dabba da ya sani suna biyu. Na farko sunan zuri'a ne, na biyu kuma sunanta na kanta.

Ƙwaron wake yana cikin babbar ƙabilar ƙwari masu taurin baya, wadda buzuzu ma yake cikinta. An san kusan iri 400,000. Ba dukansu ke ɓarna ba. Wasu ƙanana, masu faffaɗar cinya, a ruɓaɓɓen itace suke zaune suna cin funfuna.

Iri biyu ke cin wakenmu

Na farko, masana suna kiransa Bruchidius atrolineatus. Tun a gona yake saka ƙwai a bisa kwanson wake. Idan rani ya yi, sai ya daina haihuwa.

Na biyu shi ne Callosobruchus maculatus, kuma ya fi muni, domin ba ya daina haihuwa a cikin rumbu. Macen tana iya saka ƙwai har 100. Ƙwan yana zama tsutsa. Tsutsar ita ke shiga ƙwayar wake ta cinye cikinta. A lokacin zafi, cikin mako 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro, ya huda ya fito. Ashe duk hujin da muka gani, an riga an ci ƙwayar.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu cire wake da ya nuna, kada ya daɗe a gona.
2. Mu sussuke shi, mu shanya a rana har ya bushe sarai.
3. Mu zuba a buhu mai riɓi uku, wato PICS: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka da ma'aikatar bincike ta INRAN sun fara yaɗa shi a Nijar a 2007. Kowane riɓi a ɗaure shi daban. Idan iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu.
4. Kada mu zuba maganin feshin gona a waken da za a ci. Guba ne ga iyali.

Wanda ya sayar da wake a kaka don tsoron ƙwaro, da arha ya sayar. Wanda ya tsare nasa har bazara, shi ke samun kuɗi mai kyau, ga kuma irin shuka a hannu.

Tambayoyi

Iri nawa ke cin wakenmu? Wane ne ya fi ɓarna a rumbu? Me ke kashe ƙwaro a buhun PICS?