Yadda Ake Hana Dogayen Gine-gine Rawa

A ranar 7 ga Nuwamba 1940, iska ta yi ta murɗa gadar Takoma da ke Amurka har ta ruguje, wata huɗu kacal da buɗe ta. Duk gini dogo kuma siriri yana iya yin irin wannan rawa.

Ɗaya daga cikin dabarun magance ta tana buƙatar abubuwa uku: na'urar jin motsi, da kwamfuta, da na'urar turi. Na'urar farko tana auna girgizar, kwamfuta ta lissafa, sannan na'urar turi ta tura ginin saɓanin inda ya nufa. Sai a sake aunawa, a sake turawa, babu tsayawa. An fara amfani da wannan dabara a kan cikakken gini a shekarar 1989, a benen Kyobashi Seiwa mai hawa 11 a birnin Tokiyo, inda ake motsa nauyin kimanin tan 4 a samansa.

To, amma a ina za a ɗora na'urar jin motsin? Ɗalibai biyu za su iya gwadawa da igiya. Idan ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kaɗa a hankali, igiyar takan yi baka guda, tsakiyarta ce ta fi motsi. Idan aka ninka saurin, sai ta yi baka biyu, tsakiyar kuwa ta tsaya cik. Haka gini yake: yana da salon rawa iri-iri, kowanne da wurin da ba ya motsi. Na'urar da aka ɗora a irin wannan wuri kurma ce ga wannan salon, ko da ginin yana jijjiga.

Akwai wani haɗari kuma. A baka biyu, idan ɓangare ɗaya ya yi sama, ɗayan ƙasa yake yi. Saboda haka idan na'urar ji tana wannan ɓangare, na'urar turi tana wancan, kwamfutar da ba ta san da haka ba za ta tura ginin inda ya nufa, kamar mai tura yaro a lilo. Maimakon girgizar ta lafa, sai ta ƙaru. Shi ya sa injiniyoyi sukan so haɗa na'urorin biyu wuri ɗaya.

Aikin aji: a kaɗa igiya har ta yi baka uku. Wurare nawa ne tsakanin hannayen biyu ba sa motsi?